Cigiyar da Uwa Ba Ta Iya Yi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Aminatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa a durƙushe kamar yadda kika koya mini, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, ya yalwata makwancinki, ya sa ƙasar Wurno ta yi miki sauƙi. Mutanen gida duk lafiya. Ruwan noman rani ya zo a kan kari bana, albasa ta yi kyau, tafarnuwa ma ba laifi.

Na san ba za ki karanta wannan wasiƙa ba. Ko kina raye ma sai dai in karanta miki, ke kuma ki ce in rage murya kada maƙwabta su ji. To, wannan karon maƙwabtan nake so su ji, shi ya sa na sa ta inda duk mai waya zai gani. Ki yi mini haƙuri. Wata yarinya ta lungunmu ta ɓace kamar yadda Yaya Habsi ta ɓace, kuma abin da na yi a kai, a wurinki na koye shi, ko da yake ba da niyya kika koya mini ba.

Dole in fara da Yaya Habsi, domin masu karantawa ba su san ta ba, kuma ba za su taɓa jin sunanta daga bakinki ba.

Ita ce ɗiyarki ta fari. Kamar yadda ake yi a wurinmu, ana yaye ta Goggo, 'yar'uwar Baba, ta ɗauke ta zuwa Rabah, a can ta tashi. Ba kya kiran sunanta. Ba kya kallon ta a gaban mutane. Idan ta zo hutu sai ki ce mini, “Kai ma waccan tuwo,” alhali tana zaune kusa da ke, kuma kin zaɓar mata tsokar da ta fi kowace a miya. Mu yara muna dariya. Manya kuwa yabo suke yi: Aminatu akwai kunya, ba ta taɓa nuna ta san ta haihu ba.

Shekarun nan ne ake aikin dam ɗin Goronyo. Manyan motoci na wucewa, kowane gida na da wani a can, wasu na leburanci, wasu na sayar wa leburorin abinci. Akwai wata mata mai tuwo a bakin sansanin ma'aikata. Takan zagaya garuruwa ta ɗebi 'yan mata su taya ta wanke-wanke da rabon kwano. Yaya Habsi ba ta gama firamare ba lokacin da matar ta same ta a bakin rijiya a Rabah.

Matar ce ta koya mata abin da za ta faɗa. Yaya Habsi ta ce wa Goggo za ta Wurno ta ɗan kwana biyu a wurinki. Goggo ta ɗauka tana hannunki. Ke kin ɗauka tana hannun Goggo. Goggo ba ta aiko tambaya ba, don kada a ce tana ƙyashin uwa ta ga ɗiyarta. Ke ba ki aika ba, don uwa ba ta cigiyar ɗiyar fari. Wannan mata ba ta fi mu wayo ba, Inna. Ta dai san mu.

Amma jikinki ya ba ki. Ina tuna ki duk ranar kasuwar Rabah, da la'asar, kina tare tsofaffin da ke dawowa da ƙorai a ka. “Gishiri ya yi tsada? Mutanen gidan Goggo dai duka lahiya? Manya da yara?” Su ce lafiya lau, don sun ga Goggo a rumfarta tana sayar da daddawa. Sai ki ɗan tsaya kamar akwai saura, sannan ki koma ciki. Ba wadda ta gane cewa “da yara” ɗin nan ita ce tambayar gaba ɗaya, gishirin rakiya ya yi.

Sai ranar sunan ɗan Kawu, tsakar gida cike da mata, surukarki, kakarmu, tana zaune a kan tabarma a tsakiya. Wata baƙuwa ta yi sallama, matashiya, da farar riga irin ta asibiti da jaka a kafaɗa. Hausarta ba irin tamu ba ce. Ta ce, “Sannunku da gida. Wace ce maman Habsatu?” Mata suka tuntsire da dariya suna nuna ki. Ta matso gabanki ta ce, “Ke ce mamanta?” Kika ja mayafi kika rufe fuska, kika ce, “Ni ban da ɗiya mai wanga suna. Ku tahi ku tambayi masu ita.” Kakarmu ta gyaɗa kai ta ce, “Kun ji ɗiyar mutunci.” Baƙuwar ta tsaya tana kallon ki. Ni na kawo mata ruwa a moɗa. Ta sha, ta yi godiya, ta fita.

Sai da rani ya ƙare, Goggo ta zo da tsarabar Sallah, tana ajiye kaya tana cewa, “To, ina ɗiyata? Kin riƙe min ita rani guda, ko kunya ta ƙare?” Kina tankaɗe a lokacin. Na ga kin zauna a ƙasa, ba a kan kujera ba, a ƙasa. Su Baba da Kawu suka bazama har sansanin, suka tarar an gama aikin wannan ɓangare, mai tuwon ta kwashe tukwanenta da 'yan matanta, ba wanda ya san inda ta nufa. Har yau ba mu san inda ƙasa ta rufe Yaya Habsi ba, ko ma ba ta rufe ta ba tukuna.

Ba ki yi kuka a gaban kowa ba. A bayan rumbu kike yi, ni na sani, don ni ke zuwa ɗibar ƙaiƙayi. Kuma har kika bar duniya ba ki sa kifin dam a bakinki ba. Ana kawowa ki soya wa kowa, ki wanke hannu, ki ci tuwonki da miyar kuka.

Na girma, na zama malama, na kusa yin furfura, kafin na san abin da ya kawo baƙuwar nan. A Sakkwato na haɗu da ita wurin wani taron ƙara wa juna sani, ta tsufa, ta yi ritaya. Sunanta Sista Rifkatu, mutuniyar Filato ce. Da ta ji na ce Wurno sai ta riƙe hannuna ta ce ta taɓa zuwa wani gida a can, kuma abin bai bar ta ba. Tana kwatanta gidan na gane namu ne.

Ta ce an kawo mata Yaya Habsi ƙaramin asibitin da ke kusa da sansanin da ƙunar mai a hannu, da wasu alamun da ba na ƙuna ba, irin waɗanda ma'aikaciyar jinya ke gani a jikin yarinya ta san maza sun shiga rayuwarta. Duk tambayar da ta yi, mai tuwon ce ke amsawa. Da ƙyar ta samu sunan yarinyar da sunan garinmu da na Baba. Ranar hutunta ta shigo mota ta zo neman ki. Ba ta yi shekara a ƙasar nan ba, ba wanda ya taɓa gaya mata yadda uwa ke yi da ɗiyar fari. Ta ji uwa ta ce ba ta da ɗiya mai wannan suna, ta ji mata na dariya, ta ɗauka korar yarinyar aka yi. Kuma ta yi rantsuwa a wurin aikinta ba za ta faɗi sirrin majinyaci ga wanda ba nasa ba. To ga wadda ake cewa tata ce ta ce ba tata ba ce. Tana hawaye ta ce mini, “Da na san kunya ce, da na ja ta gefe.”

Daga baya na bi sauran. Malaminsu na Rabah ya ga gurbinta a benci babu kowa, ya ɗauka an mayar da ita Wurno. Direban da ya kai su ya san Baba, sun yi sallah sahu ɗaya, ya ɗauka da izini aka tafi da ita. Dattawan wani ƙauye can wajen Goronyo kuwa sun riga sun kama matar nan da irin wannan aiki tun kafin ta zo Rabah. Suka zaunar da ita, suka rantsar da ita, suka ce ta bar musu gari, a rufa asiri. Ta bar musu gari. Ta zo inda tamu take.

Inna, kin sha yi mini faɗa a kan karatun littattafai, kin ce za su cinye mini ido. Na karanta su da yawa, na tarihi da na addini da na ƙasashen da ba zan taɓa gani ba. Abin da na fahimta shi ne, mugu ba kasafai yake cin nasara da ƙarfinsa ba. Da kyawawan halayen mutanen kirki yake aiki. Ke kin riƙe kunya. Sista ta riƙe rantsuwa. Goggo ta yi kara, dattawa sun rufa asiri. Kowa ya koma gida da mutuncinsa cikakke. Yarinyar ce kawai ba ta koma ba. Da mutum biyu daga cikinku sun haɗa abin da suka sani, ko a bakin hanya ne, da yau ina da yaya. Wannan tunani ne ke tafasa mini jini, kuma ban ga alamar zai huce ba.

Yanzu ga abin da ya faru bana.

Kin san Balki, matar Umaru mai injin ban ruwa, ta ƙarshen lungunmu. Ɗiyarta ta fari, Luba, tana wurin kakarta a Sisawa, a can take makaranta. Da aka fara cirar albasa sai Balki ta tsiri zuwa gidana aron rariya. Ni na san tana da rariya, ni na raka ta ta saya. Ta zo yau, ta zo gobe. Sai ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana murza gefen zane, ta ce, “Malama, makarantu dai lahiya? Na ƙauye ma ana karatu? Yara duka suna zakkuwa?”

Muryarki na ji, Inna, har da ɗan tsayawar nan kamar akwai saura.

Ban ce mata ina Luba ba. Na san in na faɗi sunan za ta tashi ta tafi. Na ajiye rariyar a tsakaninmu na ce, “Balki, ni zan yi magana, ke ki yi shiru. In gaskiya na faɗa ki ɗauki rariyar nan, in ba haka ba ki bar ta. Kin daɗe ba ki ji labarin waccan ba, kuma hankalinki bai kwanta ba.” Da hannu biyu ta ɗauka. Ta rungume ta a ƙirji ta fita ko sallama babu.

Na kira Malam Bitrus, malamin ajinsu, wanda muke haɗuwa wurin duba jarrabawa. Ya ce Luba ba ta zuwa tun da aka fara cira, amma ai haka yara ke yi kowace shekara, su tafi gyaran albasa su dawo in an gama, shi ya sa bai ɗaga hankali ba. Na roƙe shi ya taka gidan kakarta. Kafin azahar ya kira ni, muryarsa ta sauya. Kakar ta ce Luba na Wurno tana taya uwarta aiki. Kin ji, Inna? Ko kalma ɗaya ba a sauya ba. Shekaru sun shuɗe, an zuba kwalta, kowa na da waya a aljihu, amma ƙaryar nan ba ta buƙaci gyara ba.

Na hau kabu-kabu zuwa rumfar da 'yan matan Sisawa ke aiki. Suna zaune cikin tsibin albasa suna yanke lawashi suna zubawa a buhu. Rumfar ta wata Hajiya ce da ke zuwa tare da masu sayen albasa daga birni. Luba ba ta ciki. Yaran suka ce ai ita ta dace, Hajiya ta zaɓe ta, ta mayar da ita ɗaya rumfar da ke wajen Taloka. Waɗanda aka zaɓa ana ba su waya da atamfa, kuma in motar kaya za ta tashi za a tafi da su birni aikin shago. Da hassada suke faɗa mini, kowacce na fatan a zaɓe ta.

Akwai ƙaramin asibiti a wannan yanki na Taloka. Na samu lambar ma'aikaciyar jinyar wurin na kira ta, yarinya ce ƙarama, 'yar kudancin Kaduna. Ina ambaton Luba ta ce, “Malama, ki yi haƙuri, ba na faɗin maganar majinyaci.” Ban ga laifinta ba, gaskiyarta ce. Na ba ta labarin Sista Rifkatu a tsaye a bakin hanya, rana na dukana. Na ce, “Kada ki gaya mini mi ke damunta, ba na so in sani. Ki gaya mini abu ɗaya: kina jin tsoro ko ba kya ji?” Sai ta ce, “Ina ji, Malama. Tun ranar da aka kawo ta ban san wa zan gaya wa ba.” Sannan ta faɗa mini abin da ba sirrin majinyaci ba ne, abin da duk ƙauyukan wajen suka sani: bara an sallami wannan Hajiya daga wani gari bayan wata yarinya ta dawo daga birni ba ta magana. An rantsar da ita, an rufa asiri. Kuma a ranar ake lodin motarta.

Na nufi wurin wata jami'ar kula da walwalar jama'a da na sani, don na san in na je ni kaɗai faɗan mata biyu za a ce ana yi. Ta saurare ni, ranta ya ɓaci, amma ta ce Taloka ba ɓangarenta ba ne, ƙasar Goronyo ce. Allah ya yafe mini abin da na faɗa mata. Na ce yarinya ta ƙetare iyakar nan a bayan babur ba wanda ya tsayar da ita, amma magana ce ba za ta iya ƙetarewa ba? Ta ce to ko lambar takwararta ta can ba ta da ita. Aiki iri ɗaya suke yi, ruwan dam ɗaya suke sha, ba su taɓa gaisawa ba. A wurin ma'aikaciyar jinyar nan muka samo lambar. Da suka yi magana, ashe ita ta can ta san labarin Hajiyar tun bara, ba ta dai san ta dawo ba.

Kafin mu isa, ita ta can ta aika wa dattijon da ke shugabantar masu lodi, Baba Ɗanjuma. Mun tarar ya zauna a kan buhu a gaban motar, ya miƙe ƙafa, direba na ta zage-zage. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne, “Ni albasa ni ka lodi. Ɗiyan mutane ba buhu ba na.” A kujerar gaba, kusa da direba, ga Luba da wasu 'yan mata biyu, kowacce da kayanta a leda.

Kada ki ɗauka ta yi murna da ganina. Ta sauko tana harara ta, ta ce, “Malama, ina ruwanki? Aiki za ni. Wa ad da asara in na tahi? Innata ko sunana ba ta sani ba. Hajiya ta ce ɗiyar da aka so ba a ba da ita.”

Ashe ba rata tsakanin gidaje biyu kaɗai suke amfani da ita ba. Suna shiga zuciyar yarinyar ma, su nuna mata kunyar uwarta su ce ƙiyayya ce. Tun ranar nake tunanin ko haka mai tuwo ta gaya wa Yaya Habsi, ko ta yarda. Ta ga tsokar nan da kike zaɓar mata kuwa? Yaro ba ya karanta irin wannan rubutu, Inna. Sai ya girma, in an bar shi ya girma.

Luba ta ƙi gidan kakarta, ta ƙi gidan uwarta. A gidana ta zauna, ba ta yi mini magana, sai dai ta ci abinci ta juya wa bango fuska.

Dattawa suka kira zama a zauren mai unguwa, aka shimfiɗa mana tabarma mu mata daga bakin ƙofa. Kin san abin da suka kawo. A rantsar da Hajiya, ta bar mana gari, a rufa asiri saboda 'yan matan, kada sunansu ya ɓaci. Ba miyagu ba ne, Inna, har cikin ransu yaran suke tausayi. Na nemi izini na ce, asirin yaran a rufe shi, duk wanda ya faɗi sunansu a kasuwa ni zan fara kai ƙararsa. Amma asirin Hajiya fa? In ta bar mana gari, wane gari za ta? Rabah ce ta rage mata, kuma a Rabah ma akwai ɗiyan fari.

Mai unguwa ya ce, “Malama Safiya, wagga magana ta maza ta. Ki bari mu yi yadda munka gada.” Na ce, “Ranka ya daɗe, yadda kuka gada na sani, a gidanmu aka biya shi.” Sai na faɗi sunanta cikakke a gaban maza: Habsatu, ɗiyar Aminatu ta fari. Na haɗa sunanki da nata a baki ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba kina raye. Baba Liman, wanda yana saurayi ya bi su Baba har sansanin neman Yaya Habsi, ya sunkuyar da kai ya ce, “Mun ishe toka a murhun mai tuwon nan da sauran ɗumi. Ni kam ban sake rantsar da kowa in sallame shi.”

Aka miƙa Hajiya ga hukuma. A ranar, kafin a tashi, aka kira Rabah aka kira Goronyo, mai unguwa da bakinsa, ina zaune ina ji. Muka kuma tsayar da zama duk wata: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, jami'an walwala na ɓangarorin uku, masu lodi da 'yan kabu-kabu, da iyayen gari maza da mata. Malam in ya ga gurbi a benci, gida biyu zai tambaya, gidan riƙo da gidan haihuwa. Ma'aikaciyar jinya ba sai ta faɗi ciwo ba, ta dai san wanda za ta ce wa tana jin tsoro. Baƙon ma'aikaci kuwa, kafin ya san hanyar kasuwa, za a haɗa shi da tsohuwa ta gaya masa cewa a nan in uwa ta ce ba ta san ɗanta ba, a ja ta gefe, ko a nemi ƙanwarta.

Ban ce wa kowa ya bar kunya ba. Ni ma ba na kiran sunan ɗana na fari, bakina ba ya iyawa, haka kika gina ni. Abin da na ce shi ne, in al'ada ta ɗaure bakin uwa, to wajibi ne gari ya ara mata baki.

Ba zan yi miki ƙarya in ce komai ya gyaru ba. A zama na biyu rabin mazan ba su zo ba, wai ban ruwa ya riƙe su. Wasu masu sayen albasa sun ce na ɓata wa gari kasuwa. Akwai matan da suka daina amsa gaisuwata, suna kira na mai tonon asiri, cikinsu har da wadda kika yi wa wankan jego. Su faɗa. Zan ci gaba da zuwa ko da ni da Malam Bitrus da Baba Ɗanjuma ne kaɗai a kan tabarmar. Wanda bai zo ba zan bi shi har fadama in karanta masa abin da aka tattauna yana tsaye cikin taɓo. Wata Hajiyar za ta zo, na sani, da wata sana'ar da wani alkawarin. Ina so ta tarar garuruwan nan uku suna magana da juna.

Bayan zaman dattawa na ce wa Luba ta ɗaura ɗankwali ta biyo ni. Ta biyo ni tana jan ƙafa har ƙarshen lungu. Balki na bakin murhu. Ta ɗago ta gan mu, ta mayar da kai kan tukunya, ta ce wa ƙanwar Luba, “Ba waccan ruwa.” Na ga fuskar yarinyar ta ƙara rufewa, ta juya za ta fita.

Na riƙo hannunta. Na ce, “Tsaya ki ji. Ni ban san kin ɓace ba. Malaminku bai sani ba, kakarki ba ta sani ba. Matar nan da ke bakin murhu ita ta sani, ba wanda ya gaya mata, jikinta ya ba ta. Ita ta yi ta sintiri gidana har na gane. Duk wanda ya tsaya gaban motar nan aikenta ne. Ni ma aike ce.”

A al'ada nan ne Balki za ta ce ƙarya nake yi, ita ba ruwanta da kowa. Na jira. Luba ma ta jira. Balki ta ci gaba da tura itace a wutar da ba ta buƙatar itace. Ba ta juyo ba. Amma ba ta musa ba.

Na saki hannun Luba. Sannan ta karɓi ruwan ta sha, ta tuɓe takalmi, ta je ta tsuguna a ɗaya gefen murhun ta fara gyaran shinkafar da ke cikin faifai. Na bar su a haka. Ta koma makaranta. Malam Bitrus ya ce har yanzu tana fushi, amma tana zuwa.

Innata, fushin da nake yi ba da ke nake yi ba, ko da yake na daɗe ina zaton da ke ne. An ba ki hanya ɗaya ta zama mutuniyar kirki, kika bi ta, ta cinye miki ɗiya, kika ci gaba da tashi da asuba kina ciyar da mu da suka rage. Ban san yadda kika iya ba. Da ina da girman da nake da shi yau, da na zauna kusa da ke a bakin ƙofa na yi maganar a madadinki.

Allah ya gafarta miki, ya jiƙan ki, ya sa aljanna ce makomarki. Idan Yaya Habsi ta riga mu, Allah ya haɗa ku a inda ba kowa sai ku biyu. Idan tana raye, ya sa tana hannun masu tausayi. Ya tsare Luba da ƙawayenta da duk yaran Wurno da Rabah da Goronyo, na gidan haihuwa da na gidan riƙo. Ya saka wa Sista Rifkatu da alheri a kan tafiyar da ta yi. Ni kuma ya bar mini wannan fushi muddin yana da amfani, ya karɓe shi ranar da aka daina buƙatarsa. Amin.

Ɗiyarki mai tsiwar nan da kika sani,
Safiya